Taura Biyu a Jami'a: Amsa ga Ɗalibar da ke Neman Ƙaramin Fanni

Assalamu alaikum, Inna. Ni ɗaliba ce a Jami'ar André Salifou da ke nan Damagaram, ina karanta ilimin labarin ƙasa, kuma na kammala shekarar farko ta lisans, wato digirin farko, ba tare da bashin darasi ko ɗaya a kaina ba. A Birni aka haife ni, kuma tun ina ƙarama nake tashi da asuba ina bin layin famfo da jarkoki, shi ya sa na zaɓi wannan fanni domin in gane abin da ya sa ruwa yake yi wa garinmu wuya. Da na shiga sai na tarar amsar ba ta cikin sashenmu kaɗai, wani yankinta yana wajen masu nazarin duwatsu, wani wajen masu nazarin zamantakewa, wani kuma wajen likitoci. Ɗan kawuna da ke karatu a Montiriyal ta ƙasar Kanada ya gaya mini cewa a can ɗalibi yana iya riƙe babban fanni ya haɗa da ƙaramin fanni da ya tattaro darussa daga sassa daban-daban, kuma a rubuta masa duka biyun a takardar shaida. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Na gaya wa Baba, wanda ɗan kasuwa ne a Kasuwar Dole, sai ya ce taura biyu ba ta taunuwa, in gama abin da na fara tukuna. Bak ɗina, wato shaidar kammala sakandare, na A4 ne, ɓangaren adabi, ina karɓar bursi, wato tallafin karatu na gwamnati, kuma ina tsoron rasa shi. In yi wannan abu ko in haƙura, kuma in zan yi, ta ina zan fara?

Wa alaikumus salam, ƴata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fara faranta mini rai shi ne kin zo da tambaya guda da ta dame ki tun kina ƙarama, domin yawancin ɗaliban da ke rubuto mini a kan wannan magana sha'awar tara takardu ce ke jan su, idan aka tambaye su me za su yi da fanni na biyun sai a ji shiru. Sai dai kafin ki ɗauki maganar mahaifinki a matsayin ta wanda bai san jami'a ba, ki tsaya mu duba abin da ɗan kawunki yake yi a zahiri, domin ina zaton a wayar bai gaya miki rabin da ya fi muhimmanci ba.

A jami'o'in lardin Kebek, inda Montiriyal take, digirin farko na shekara uku yawanci kiredi 90 ne, kiredi kuwa shi ne ma'aunin nauyin darasi. Ɗalibin da ya zaɓi haɗa fannoni yana ba babban fanninsa kiredi 60, ƙaramin kuma, wanda suke kira mineure da faransanci, kiredi 30, wato kimanin darussa goma masu kiredi uku-uku. Ki lura da lissafin da kyau, 60 da 30 su ne 90 ɗin. Ƙaramin fannin yana cikin kayan da aka ɗora masa tun farko, an rage daga babban ne aka ba ƙaramin wuri. A Amurka ma kusan haka abin yake, digirin shekara huɗu kimanin kiredi 120 ne a irin nasu lissafin, ƙaramin fanni kuwa darussa biyar ne ko shida da ɗalibi yakan zuba a guraben zaɓi da aka riga aka bar masa. Ashe ɗan kawunki taura ɗaya yake tauna, an dai raba masa ita gida biyu.

Ke kuwa a tsarin LMD kike, wato lisans, masta da dokta, wanda UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, ta umarci ƙasashenta su bi tun 2007. Lisans ɗinki kiredi 180 ne a zango shida, kowane zango 30, kuma a yankinmu ana ƙiyasta kiredi ɗaya da aikin awa 20 zuwa 25, idan aka haɗa zaman aji da karatun da ɗalibi yake yi shi kaɗai. Zango ɗaya ke nan yana cin awa 600 zuwa 750, kuma in kika raba su a kan makonnin karatu za ki ga sun kai aikin cikakken ma'aikaci. Waɗannan kiredi 180 sashenki ya riga ya tsara yadda za a cike su, saboda haka duk darasin da kika ɗauko daga waje, idan ba a cikin wannan tsari ya samu gurbi ba, ƙari ne a kan kaya. Darasi mai kiredi uku kacal awa 60 ne zuwa 75 da za ki ciro daga barcinki, ko daga bitar darussanki na asali, ko daga aikin gida da nake da tabbacin ba a ɗauke miki shi ba don kin shiga jami'a. A nan mahaifinki ya faɗi gaskiya, ko da bai taɓa jin kalmar kiredi ba.

Duk da haka ba na ce ki haƙura ba. Abin da nake so ki fahimta shi ne, ƙaramin fannin da kike mafarki, idan ba ki same shi a shirye da sunansa ba, ke ce za ki gina shi da hannunki, kuma mai gini yana fara sanin iyakar filinsa. Iyakar filinki tana cikin takardar da malamai suke kira maket, wato jadawalin da ya jera dukkan rukunonin darussa na lisans ɗinki, zango bayan zango, da kiredin kowane ɗaya. Ɗalibai da yawa suna gama shekara uku ba su taɓa ganin ta gaba ɗaya ba, sai dai jadawalin mako da delege, wakilin aji, yake turowa a WhatsApp. Ki neme ta wajen sakatariyar sashe, ki ɗauki hotonta, ki zauna da biro ki raba darussan. Akwai na tushe, waɗanda su ne ƙashin bayan fannin kuma ba a taɓa su. Akwai na koyon hanyoyin bincike da na gama-gari irin su harsuna da kwamfuta. Abin da za ki fi zuba wa ido shi ne ko akwai rukunin da aka rubuta masa na zaɓi ko na ganin dama, domin ta wannan ƙofa kaɗai darasin wani sashe zai iya shiga takardar makinki ba tare da ya ƙara miki nauyi ba. Za ki iya kuma tarar da cewa wani abin da kike hange a gidan maƙwabta yana nan tafe a naku sashen a shekara ta biyu ko ta uku, domin labarin ƙasa dama fanni ne mai ƙafa ɗaya a kimiyyar ƙasa, ɗaya a nazarin al'umma, kuma shekarar farko ba ta nuna wa ɗalibi komai sai bakin ƙofa.

Bayan kin karanta maket ɗin, sai ki nemi ganin shugaban sashenku, kuma kada ki je masa da maganar Kanada. Ki ce masa kina son ki rubuta memuwar ɗinki, wato kundin binciken ƙarshen lisans, a kan ruwan Damagaram, kuma kina ganin kina buƙatar darasi kaza daga sashe kaza. Ki tambaye shi ko dokar tsangaya ta yarda a cike gurbin zaɓi da darasin wani sashe, da wanda yake sa hannu a kan haka, da ranar da ake rufe karɓar buƙata, da kuma yadda makin zai taso daga wancan sashe ya iso ofishin sikolarite, mai kula da rajista da maki, na tsangayarku. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mutane suke mantawa, kuma ita ce ke kayar da su.

Ni ma ta kayar da ni. Lokacin da nake ɗaliba, a wata jami'a da ba sai na kama sunanta ba, wani malami mai kirki ya ce in riƙa shiga ajinsa a wani sashe, ya ce za a lissafa mini. Zango guda cur ina ƙetare harabar da rana tsaka, ina zama a bencin baya domin na gaba na ƴan gida ne, na rubuta jarrabawa, har ya nuna mini takardata da maki 14 bisa 20 da jan biro a kusurwa. Ranar da na je karɓar takardar maki, ma'aikacin ya bi layukan rajista da ɗan yatsa, ya ɗago kai ya ce sunana ba ya cikin waɗanda suka yi rajistar wannan darasi. Malamin a lokacin ya tafi hutun bincike a ƙasar waje. Abin da na koya a ajin yana nan tare da ni har yau, amma babu takardar da ta san da shi. Saboda haka duk alkawarin da aka yi miki, ko daga bakin wanda kika fi girmamawa ne, ki roƙa cikin ladabi a rubuta shi, a sa hannu da hatimi, ki ajiye kwafi a gida.

Idan aka ce miki babu wannan ƙofa, saura hanyar sauraro, wato ki nemi izinin malami ki zauna a ajinsa ba tare da an ba ki kiredi ba. Kada ki raina ta. Ba ta da barazana ga makinki, kina iya janyewa idan aiki ya yi yawa, kuma malamin da ya ga naciyarki zai iya rubuta miki takardar shaidar halarta ko wasiƙar yabo, wadda take da nauyi idan kin zo neman masta. Hanyar da ba na so ki bi ita ce rajista a lisans biyu lokaci ɗaya, ko da kin samu inda aka yarda da ita. Wannan ce taura biyun ta gaskiya: jarrabawa biyu, kuɗin rajista biyu, da jadawali biyu da ba wanda ya tsara su domin su dace da juna.

Yanzu mu zo ga zaɓen darussan, inda nake ganin wasiƙarki ta riga ta yi rabin aikin. Damagaram tana zaune ne a kan dutsen ƙasa mai tauri, irin wanda kike ganin kawunansa sun fito fili a cikin Birni, kuma irin wannan dutse ba ya riƙe ruwa sai a tsagoginsa da ɓawon da ya rube a samansa. Shi ya sa ake janyo wa garin ruwa daga nesa, daga Gogo da Macaya ta kudu, da Arunguza da Ganaram ta arewa. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da masana tarihi ke ambata na ɗauke hedikwatar mulkin mallaka daga nan zuwa Yamai a 1926. Amma dutsen ba shi ne yake yanke hukuncin unguwar da famfonta zai kawo da tsakar dare da wadda za ta kwana uku ba ɗigo ba, ba shi ne yake sa farashin jarka a kurar ɗan ga-ruwa ba, kuma ba shi ne ya ce yarinya ce za ta makara zuwa makaranta saboda layi ba. Waɗannan tambayoyin masu nazarin zamantakewa ne. Tafkunan cikin gari kuwa, da damina ta cika su sauro ya samu gida yara kuma su samu wurin wanka, maganarsu ta masu kiwon lafiyar al'umma ce. Kin ga yadda tambaya guda ta tsaga tsangayoyi uku, kuma ita ce za ta zama ma'auninki. Duk darasin da ba za ki iya faɗa a jimla ɗaya abin da zai ƙara wa tambayar ruwa ba, ki bar shi, komai daɗin sunansa.

Sai dai ki yi wa kanki adalci game da bak ɗinki. Darasin nazarin ruwan ƙarƙashin ƙasa da ake koyarwa a tsangayar kimiyya an gina shi ne a kan lissafi da fizik da kimiyyar sinadarai na waɗanda suka yi bak na kimiyya, wato C da D, kuma malamin ba zai tsaya ya koma baya saboda baƙuwa ɗaya ba. Idan kika faɗa masa kai tsaye, abin da za ki samu shi ne karayar zuciya. Ki fara da gabatarwar ilimin duwatsu ta ƴan shekarar farko, inda kowa sabon shiga ne. Kuma in da za a ce in zaɓar miki abu biyu kacal, da na zaɓi ƙididdiga da zanen taswira ta kwamfuta, domin su ne harshen da masanin dutse da masanin zamantakewa da likita duka suke ji. Manhajar QGIS kyauta ce, tana aiki a kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi, kuma ɗalibar da ta iya ɗora famfunan unguwarta a taswira, ta nuna awowin da kowanne yake kawo ruwa, ta riga ta mallaki abin da ba a samu a littafi. Bayan su sai darasin hanyoyin tambayar jama'a daga sashen zamantakewa, domin tsara tambayoyin da matan gida za su amsa da gaskiya sana'a ce mai zaman kanta.

Game da tsarin lokaci, saura miki zango huɗu, kuma shawarata ita ce darasi ɗaya na waje a zango na uku, ɗaya a na huɗu, ɗaya a na biyar, na shida kuma ki bar shi fanko domin sitaj, wato koyon aiki a ma'aikata, da rubutun memuwar. Darussa uku ba su kai goman ɗan kawunki ba, amma uku da aka zaɓa saboda tambaya ɗaya suna iya riƙe memuwar. Ki kuma sa a ranki cewa shekarar karatu a jami'o'inmu ba kullum take tafiya a kan kalanda ba, yajin aiki ko jinkiri yakan sa wata tsangaya tana jarrabawa alhali wata tana tsakiyar zango, malamin da ya zo daga wani gari kuma yakan tattara darasinsa gaba ɗaya a mako ɗaya ko biyu, safe da yamma. Ranar da darasin waje ya yi karo da na tushe, na tushe za ki shiga, ba tare da dogon tunani ba. Ki yanke wannan hukunci tun yanzu da hankalinki yake kwance, domin a ranar zuciya za ta ja ki wajen wanda ya fi daɗi.

Dalilin wannan tsanani a lambobi yake. Da 10 bisa 20 ake haye rukunin darasi, amma masu tantance ƴan masta suna duba darajar da aka fita da ita, kuma tsakanin mai 10 da mai 12 ko 14 akwai tazarar da takardun sauraro ba za su cike ba. Idan darasin waje ya janyo makinki daga 13 zuwa 11, ya ci miki fiye da abin da ya ba ki. Haka ma maganar bursi. Abin da ya fi yi masa barazana shi ne maimaita shekara, saboda haka kafin ki sa hannu a kowace irin ƙarin rajista ki je wajen masu kula da harkar ANAB, hukumar da ke ba da bursi, ki ji sharuɗɗan da bakinsu, kada ki dogara da abin da ake faɗa a ɗakin kwanan ɗalibai.

Wurin da fannonin za su haɗu da gaske shi ne aikinki na ƙarshen lisans. Ki fara tara kayansa tun bana: ƙaramin littafi da za ki riƙa rubuta ranar da famfon unguwarku ya kawo da ranar da bai kawo ba, farashin jarka a watan Afrilu da farashinta a watan Agusta, da yawan jarkokin da gidanku yake sha a yini. Shekara biyu na irin wannan rubutu dukiya ce da babu ɗalibin da zai iya ƙirƙiro ta a wata ɗaya. Idan lokaci ya yi, ki nemi sitaj a ma'aikatar ruwa ko ofishin magajin gari ko wata ƙungiya mai aikin ruwa da tsabta, ki kuma tambayi malamin da zai duba aikinki ko zai yarda wani daga sashe na biyu ya riƙa leƙawa. A matakin masta ne ƙofofin haɗa fannoni suka fi buɗewa, ko a nan gida, ko a Jami'ar Abdou Moumouni, ko a cibiyar AGRHYMET mai nazarin noma da ruwa da yanayi da ke Yamai, ko a makarantar 2iE ta Wagadugu wadda ta shahara a harkar ruwa da muhalli. Kowace tana da sharuɗɗanta na shiga, wasu sun fi karkata ga masu tushen kimiyya, saboda haka ki karanta su tun kina shekara ta biyu, su ma za su taimaka miki wajen zaɓen darussa ukun nan.

Saura Baba. Kada ki koma masa da gardama, kuma kada ki yi abin a ɓoye, domin ranar da ya ji daga bakin wani, darasin ba zai ƙara yin albarka a idonsa ba. Mutumin da ya yi shekaru a Kasuwar Dole ya san bambancin mai buɗe shago na biyu da bashi da mai ƙara kaya iri ɗaya a kan teburin da ya riga ya kafu, kuma da wannan harshe za ki yi masa magana. Ki zaɓi lokacin da ya huta, bayan isha'i, ki zo da takardar makinki ta shekarar farko da maket ɗin, ki nuna masa cewa lisans ɗin da kika fara shi za ki gama a lokacinsa, ƙarin kuwa darasi ɗaya ne a zango. Sannan ki ba shi sharaɗi da bakinki, cewa idan makinki na zango na uku ya sauka ƙasa da na bara, za ki ajiye darasin waje ba sai ya ce ba. Idan akwai gwaggo ko kawu da yake jin maganarsu, ki fara bi ta wajensu. Ina kyautata zaton zai amince, domin shi ma ya sayi ruwan kura a watan azumi, ya san abin da kike magana a kai.

Kafin a koma karatu ki samo maket ɗin, ki ja layi a ƙarƙashin duk gurbin zaɓi da kika gani, ki rubuta sunayen darussa biyar da kike so ki rage su zuwa uku. Idan kin ga shugaban sashe, ki sake rubuto mini abin da ya ce game da sa hannu da ranar rufewa, mu duba wanda ya kamata ki fara da shi a zango na uku. Ki gaishe mini da mutanen gida.